Ba A Amince Ba

Teburina yana bayan ɗakin jira,
kusa da hitar da ke tari tun Nuwamba.
Ni ce mai tura takardun kuɗi a wannan asibiti na Duluth,
ban taɓa ɗaure wa kowa rauni ba.

Amma na san kafaɗar Arvo Kangas
fiye da yadda matarsa ta san ta:
daren Juma'a, tashar jiragen ruwa,
tsani mai tsawon ƙafa goma sha ɗaya,
ƙanƙara ta kwanta a matakala ta bakwai,
shi kuwa bai lura ba.

Shugaban aikinsu ya ce, "Ku kai shi inda ya fi kusa."
Wanda zafi ya shaƙe wa wuya ba ya neman rajista.
Dokta Halvorsen ta buɗe, ta ɗinke abin da ya yage,
ta rubuta gashi sau goma sha biyu,
ba ta tsaya leƙa jerin kamfanin inshora
ko sunanta na ciki ba.

Bayan mako uku wasiƙa ta iso,
layi ɗaya tal, a bushe kamar ƙashi:
wannan likita ba mu muka ba ta izini ba.
Dala dubu tara da ɗari huɗu da sittin,
ko ƙwandala ba su saki ba.

Na ɗaga waya.
Minti arba'in wani kiɗa yana cizon wutsiyarsa,
kofina ya huce, ya yi yana.
Can wata murya ta ce, "Mai riƙe da fayil ɗin ya bar aiki,
sabon bai zauna ba tukuna,
ki sake kira ranar Laraba."

Ranar da izinin ya zo har na yi guɗa a zuci.
Sai na sa tabarau.
Kafaɗar hagu, in ji takarda.
Ta dama ce ke hana bawan Allah barci!
Ana kukan targaɗe sai ga karaya.
Suka gyara, suka aiko,
sai dai izinin ya fara daga Litinin,
tiyata kuwa tun Asabar.
Kwana biyu kacal.
Ashe da sauran rina a kaba.

An tsayar da gashi a zama na huɗu.
Kafaɗa ba ta karanta wasiƙa,
ta ci gaba da sandarewa a kan lokacinta,
kamar tafkin da ke bayan tagarmu
idan ya ji iskar Disamba.

Wani lokaci ina tunanin wadda ke can ɗaya ɓangaren.
Wataƙila ita ma tana da hita mai tari,
da allo mai ƙirga fayil nawa ta rufe kafin yamma.
Ba ta ƙi Arvo ba, ba ta ma san shi ba.
A wurinta shi lamba ne,
ni ma a wurinta lamba,
can sama da mu duka wani yana lissafin riba.

Jiya ya shigo da kifi mai hayaƙi a takarda,
ya miƙo min da hagu, yana ba ni haƙuri.
Ya ce, "Marlys, ko in sayar da kwalekwalena?"
Na ce, "Kul! Bashin nan ba naka ba ne."
Ya yi dariya, ya nemi zura hannu a riga,
hannun ya tsaya a rabin hanya.
Na kau da kai kamar ban gani ba.

Ƙarfe biyar ta wuce, an kashe fitilun gaba.
Na haɗa shafi talatin da takwas:
hoton ƙashi, bayanin likita, sa hannun shugaban aiki.
Karo na shida ke nan.
Injin yana haɗiyar su ɗaya bayan ɗaya,
ƙamshin kifi ya cika ofis,
ni kuma ina tsaye da jakata a kafaɗa,
kafaɗar dama,
wadda ban taɓa gode mata ba.